Zaɓen kifaye masu jituwa da ƙayyade yawansu cikin akwatin kifi na ruwan daɗi

0. Gabatarwa

Ajiye kifi cikin akwatin gilashi domin kallo ko domin nazari al'ada ce da ta bunƙasa a Turai cikin ƙarni na 19. A shekarar 1832 wata Bafaranshiya mai binciken halittu, Jeanne Villepreux-Power, ta ƙera akwatuna a garin Messina na tsibirin Sisili domin ta lura da rayuwar halittun teku. A 1850 Robert Warington ya nuna a Ingila cewa kifi da tsirrai da dodon koɗi suna iya rayuwa tare cikin ruwa guda na dogon lokaci, muddin aka daidaita yawansu. A 1853 aka buɗe wa jama'a gidan kallon kifi na farko cikin gidan namun dajin Landan, kuma Philip Henry Gosse ne ya yaɗa kalmar aquarium ta hanyar littafinsa na 1854. Tun daga wancan lokaci tambayoyi biyu ne ke gaban duk mai son haɗa kifaye iri-iri wuri guda: waɗanne ne za su iya zama tare, kuma guda nawa ruwan zai iya ɗauka.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne amsa waɗannan tambayoyi biyu cikin harshen Hausa, domin amfanin malamai da ɗalibai masu son kafa akwatin kifi a ɗakin gwaji, ko a aji, ko a gida. Yawancin littattafan jagora da ke hannunmu an rubuta su ne da Faransanci, domin mutanen da damuwarsu ita ce ɗumama ruwa. A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, inda zafi ke wuce digiri 40 cikin watannin Afirilu da Mayu, damuwar ita ce sanyaya shi. Wanda ya bi ƙa'idojin littattafan nan ba tare da gyara ba yana iya rasa kifayensa duka cikin dare ɗaya na bazara. Za mu fara da kalmomin aiki, sannan mu duba abin da ruwa ke iya ɗauka, da sharuɗɗan jituwa, da matsalar sunayen kifayenmu, da lissafin adadi.

1. Kalmomin aiki

Ga kalmomin da muka zaɓa, tare da takwarorinsu na Faransanci inda ya kamata.

(1) akwatin kifi: aquarium. Mun guji «gidan kifi» domin ana iya fahimtar sa da ma'anar wurin kiwon kifin ci.

(2) akwatin haɗaka: aquarium communautaire, wato akwatin da ya ƙunshi jinsuna biyu ko fiye. Kishiyarsa shi ne akwatin jinsi ɗaya.

(3) ruwan daɗi: eau douce. Hausa ta riga ta bambanta shi da ruwan zartsi da ruwan gishiri.

(4) zubi: sanya kifi cikin ruwa. Masu kiwo da masunta suna cewa «an zuba kifi a tabki», saboda haka yawan zubi shi ne adadin kifin da aka sanya gwargwadon ruwan.

(5) mataci: filtre. Tsarin ma-...-i yana ba da sunan kayan aiki, kamar mabuɗi da magirbi, alhali ma-...-a yana ba da sunan wuri. Don haka muka bar «matata» ga wurin da ake tacewa.

(6) mashaƙa: branchies, gaɓoɓin da ke gefen kan kifi waɗanda yake jan iskar oksijan da su daga ruwa.

(7) ma'aunin tsami: pH. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki. Ƙasa da 7 ruwa ya karkata ga tsami, sama da 7 ya karkata ga kanwa. Duk wadda ta taɓa jefa kanwa cikin miya mai yakuwa ta san cewa ɗayan yana kashe ɗayan.

(8) jituwa: iya zaman jinsuna tare har tsawon rayuwarsu, kowane yana ci, yana girma, babu rauni. Zaman mako biyu ba tare da mutuwa ba bai isa a kira shi jituwa ba.

2. Abin da ruwa ke iya ɗauka

2.1. Iskar oksijan da zafi

Kifi yana numfashi da oksijan ɗin da ya narke cikin ruwa, kuma wannan oksijan kaɗan ne ƙwarai. Ruwan daɗi da ya ƙoshi da iska yana riƙe kimanin miligiram 9,1 a kowane litir idan zafinsa digiri 20 ne, da 8,3 a digiri 25, da 7,6 a digiri 30, da kusan 7 a digiri 35. Ga kuma ɗaya ɓangaren: jinin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki, kuma bukatarsa ta oksijan tana kusan ninkawa biyu idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Ke nan daga digiri 25 zuwa 35 abin da ruwa ke bayarwa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shidda, abin da kifi ke nema kuwa ya ninka.

Oksijan yana shiga ruwa ta fuskarsa, wato inda ruwa ya haɗu da iska. Saboda haka faɗin akwati ya fi tsayinsa muhimmanci. Akwati mai tsawon santimetir 100, faɗi 40, tsayi 40, da akwati mai tsawon 50, faɗi 40, tsayi 80, duka biyun litir 160 suke ci, amma fuskar na farko ta ninka ta na biyu. Kumfar da famfon iska ke fitarwa tana aiki ne musamman ta hanyar motsa fuskar ruwa. Tsirrai suna ba da oksijan da rana, da dare kuwa su ma ja suke yi. Wannan ya sa gab da asuba ne kifi ya fi shiga haɗari, kuma idan wutar lantarki ta ɗauke da dare cikin bazara, akwatin da ya cika kifi shi ne farkon mutuwa. Alamar ita ce a ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki.

2.2. Ƙazanta da ƙwayoyin da ke sarrafa ta

Kifi yana fitar da amoniyak, mafi yawansa ta mashaƙa, kuma ragowar abinci da ke ruɓewa tana ƙara wani. A kogi ruwa yana tafiya da shi, a akwati kuwa yana nan. Abin da ke ceton kifi shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu manne wa soson mataci da yashi da duwatsu. Wani rukuni yana mayar da amoniyak nitirit, wani kuma yana mayar da nitirit nitirat. Tsofaffin littattafai suna ambaton Nitrosomonas da Nitrobacter kawai. Binciken da Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka buga a 1998 ya nuna cewa Nitrospira ce ke yin aiki na biyu cikin akwatunan ruwan daɗi, kuma daga baya an gano cewa wasu halittu na rukunin arkiya suna da babban hannu a aiki na farko.

Amoniyak da nitirit guba ne. Nitirit yana shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijan, har kifi ya shaƙe cikin ruwan da ke cike da iska. Gubar amoniyak kuwa ta dogara ga tsami da zafi: a ma'auni 7 da digiri 25, kimanin kashi 0,6 cikin ɗari ne kawai ke cikin siffar da ke kisa, a ma'auni 8 ya kai kashi 5, a ma'auni 8 da digiri 30 ya wuce kashi 7. Mai amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse mai karkata ga kanwa, a ɗaki mai zafi, ba shi da sararin kuskure irin na wanda ruwansa ke da ɗan tsami.

Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawa. Kafuwarsu tana ɗaukar mako huɗu zuwa shidda, kuma a cikin wannan lokaci ne mafi yawan masu farawa ke asara. Nitirat shi ne ƙarshen tafiya: ba shi da kaifin na biyun farko, amma yana taruwa, kuma ana rage shi ta hanyar canza kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan kowane mako.

3. Sharuɗɗan jituwa

Sharuɗɗa biyar ne, kuma sai jinsuna sun cika su duka.

3.1. Ruwa iri ɗaya

Kifayen da ake sayarwa sun fito ne daga ruwaye mabambanta. Kogin Rio Negro na ƙasar Barazil ruwansa yana da tsami, ma'auninsa yakan sauka ƙasa da 5, kuma ba shi da ma'adinai. Tabkin Malawi yana wajen 8, tabkin Tanganyika yana kusan 9. Kifin da aka haifa a gonar kiwo yana da ɗan juriya fiye da na daji, amma juriyar tana da iyaka. Haka nan zafi: tetira neyon (Paracheirodon innesi) yana son digiri 20 zuwa 26, ɗan'uwansa kardinal (Paracheirodon axelrodi) yana jure har 29, diskus yana son 28 zuwa 30, jan kifi kuwa, wato poisson rouge (Carassius auratus), kifin ruwan sanyi ne. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya auna ruwan da yake da shi, ya auna zafin ɗakinsa a bazara da kuma lokacin ɗari, sannan ya nemi kifin da ya dace. Ƙoƙarin canza halin ruwa da magunguna yana jawo hawa da sauka, kuma hawa da sauka ya fi cutar da kifi bisa ma'aunin da bai yi daidai sosai ba amma yana tsaye.

3.2. Girma da faɗin baki

Kusan kowane kifi zai haɗiye abin da ya shiga bakinsa. Abin lura shi ne girman da kifi zai kai idan ya balaga, domin ƴaƴa ne ake sayarwa. Eskalar (Pterophyllum scalare) mai faɗin kwabo yana zaune lafiya da neyon. Bayan shekara guda neyon ya zama abincinsa. Kifin da ake kira pleko, wanda ake saya domin ya lashe gansakuka, idan na jinsin Pterygoplichthys ne yana kai santimetir 40. Maganar da ake yi cewa kifi yana girma ne gwargwadon akwatinsa tana rufe wata gaskiya: abin da ake gani tsumburewa ne, sakamakon ƙazantar ruwa da ƙunci, kuma kifin da ya tsumbure ba ya daɗewa.

3.3. Hali

Akwai masu kare yanki, musamman dangin ƙarfasa, waɗanda ake kira sikilid. Faɗansu yana ƙaruwa lokacin ƙwai. Akwai masu cizon fikafikai da wutsiya, irin su barbus na Sumatara (Puntigrus tetrazona), waɗanda ba a haɗa su da kifi mai doguwar wutsiya da jinkirin iyo. Akwai masu faɗa da irinsu kaɗai, kamar namijin Betta splendens, wanda ba a sanya biyu a akwati guda. Akwai kuma matsorata da ba sa fitowa cin abinci idan akwai masu gaggawa. Waɗannan yunwa ce ke kashe su, ko da babu wanda ya taɓa su.

3.4. Garke da rabon maza da mata

Tetira, da rasbora, da koridoras kifayen garke ne. A ƙalla shidda ake sanyawa, takwas zuwa goma ya fi. Guda biyu daga kowane jinsi shi ne kuskuren da ya fi yawa: launinsu yana dushewa, suna ɓuya, masu cizo kuma sukan juya kan maƙwabta idan ba su da ƴan'uwan da za su kora. Jinsuna uku masu cikakken garke sun fi jinsuna goma ƴan bibbiyu. Ga masu haihuwar ƴaƴa da rai, irin su gupi (Poecilia reticulata), ana sanya namiji ɗaya ga mata biyu ko uku domin kada a gajiyar da mace guda. Sai dai a sani cewa macen gupi tana haihuwa kusan kowane mako huɗu, don haka lissafin yau ba zai zama na wata shidda ba.

3.5. Matakin ruwa

Ruwan akwati hawa uku ne: sama, da tsakiya, da ƙasa. Bakin kifi yana nuna hawansa. Wanda bakinsa ya kalli sama daga fuskar ruwa yake ci, wanda bakinsa ya kalli ƙasa, sau da yawa da gashin baki, mai tonon yashi ne. Rarraba jinsuna kan hawa uku yana rage karo. Jinsuna biyu masu kare yanki a ƙasa za su yi ta faɗa ko da sama babu kowa.

4. Suna ɗaya, jinsuna da yawa

Kogin Isa yana ratsa ƙasar Nijar tsawon kilometir 550, ga kuma tabkunan Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da kuma kogin Komadugu Yobe. Ba abin mamaki ba ne mai kafa akwati ya fara tunanin karɓar ƴaƴan kifi daga hannun masunta. A nan ne matsalar suna take tasowa. Sunayen Hausa masunta da masu dafa abinci ne suka raɗa su, kuma sun raba kifaye bisa abin da ya dame su: siffa, da ƙaya, da nama, da tarkon da ke kama su. Ba su yi daidai ɗaya-da-ɗaya da jinsunan da Jacques Daget ya bayyana a 1954 game da kifayen kogin Isa ta sama ba, ko waɗanda ke cikin kundin da Lévêque, da Paugy, da Teugels suka shirya wa ORSTOM a 1990 da 1992.

(9) kurungu: ya ƙunshi dangin Synodontis, mai jinsuna fiye da 130. Wanda littattafan Turai ke yabo domin akwatin haɗaka, Synodontis nigriventris, daga kogin Kwango yake kuma ba ya wuce santimetir 10. Synodontis schall na ruwayenmu yana kai 40. Duka biyun kurungu ne a bakin Bahaushe. Ƙayoyinsa suna maƙalewa a raga, saboda haka da kwano ake kama shi.

(10) ƙarfasa, wadda wasu ke kira gargaza: ta ƙunshi Oreochromis niloticus, wadda mace ke riƙe ƙwai a baki, da Sarotherodon galilaeus, wadda uwa da uba duka ke riƙewa, da Coptodon zillii, wadda ke yin ƙwai a ƙasa, tana tsare su da faɗa, tana kuma cinye tsirrai. Faransancin Afirka ta Yamma yana kiran su duka carpe, alhali carpe ta littattafan Turai Cyprinus carpio ce, kifin wani dangi dabam. Ɗalibin da ya nemi bayani ƙarƙashin wannan suna zai karanta labarin kifin da ba shi ne a hannunsa ba.

(11) tarwaɗa: Clarias gariepinus da Clarias anguillaris. Tana shaƙar iskar sarari, don haka tana jure ruwan da ke kashe sauran. Amma a wurin masu kiwo tana iya kai kilo guda cikin wata shidda, kuma tana cin ƴan'uwanta.

Sauran manyan sunaye ba su da wuri a akwatin haɗaka. Giwan ruwa (Lates niloticus) tana kusan metir 2. Yauni (Gymnarchus niloticus) yana wuce metir ɗaya da rabi. Tsage (Hydrocynus) mafarauci ne. Minjirya (Malapterurus electricus) tana sakin wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt. Gaiwa (Protopterus annectens) da talibambam (Tetraodon lineatus) suna gutsire naman maƙwabta. Gartsa (Polypterus senegalus), mai kai santimetir 30 a akwati, tana zama da manyan kifaye masu sanyin hali, amma da dare tana haɗiye ƙanana.

Duk da haka Afirka ta Yamma ta ba duniya kifayen akwati masu kyau. Pelvicachromis pulcher, na kudancin Najeriya da Kamaru, ƙaramin ɗan'uwan ƙarfasa ne, namiji santimetir 10, mace 8. Poropanchax normani, mai ƙyallin ido, ba ya wuce 4 kuma kifin garke ne. Pantodon buchholzi yana zaune a fuskar ruwa, yana cin ƙwari da ƙananan kifaye, kuma yana tsalle, sai da murfi. Gnathonemus petersii, ɗan dangin miligi, yana neman abinci da dare da wata ƴar wutar lantarki marar ƙarfi, yana bukatar yashi mai laushi da babban akwati. Darasin shi ne: kafin a karɓi kifi a nemi sunansa na kimiyya, domin shi kaɗai ne ke kai mutum ga girmansa na gaskiya.

5. Ƙayyade yawan zubi

5.1. Ƙa'idar santimetir da litir

Littattafan Faransanci sukan ce santimetir ɗaya na kifi ga kowane litir na ruwa. Na Ingilishi sukan ce inci ɗaya ga galan ɗaya, wanda da galan na Amurka ya kama santimetir ɗaya ga litir ɗaya da rabi. Bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya nuna cewa kimantawa ce kawai. Babban raunin ƙa'idar shi ne tana auna tsawo, alhali ƙazanta da numfashi nauyi suke bi. Idan tsawon kifi ya ninka biyu, siffarsa ba ta canza ba, nauyinsa ya ninka takwas. Kifaye goma masu santimetir 3 da kifi ɗaya mai santimetir 30 duka santimetir 30 ne a lissafi, amma babban ya fi goman nan gaba ɗaya nauyi sau ɗari. Saboda haka ƙa'idar tana aiki ne kawai ga sirara masu ƙasa da santimetir 7 ko makamancin haka, da sharaɗin a lissafa girman balaga da ainihin ruwan da ke cikin akwati.

5.2. Misalin lissafi

Mu koma ga akwati mai 100 × 40 × 40. Litir 160 ne a rubuce. Idan aka bar santimetir 4 a sama, yashi ya ci 5 a ƙasa, tsayin ruwa ya zama 31, wato litir 124. Duwatsu da itace su rage kamar 4, saura 120. Ƙa'idar za ta ba da santimetir 120. Bisa abin da muka gani a 2.1, shawararmu ita ce a ɗakin da ba a sanyayawa, inda wuta ke ɗaukewa, a tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku na wannan adadi, wato santimetir 60 zuwa 80. A lura kuma akwatin da ya cika da ruwa da yashi yana kusan kilo 200, sai tebur mai ƙarfi.

Bisa al'adar masana harshe, za mu sanya tauraro gaban haɗin da bai karɓu ba.

(12) Pelvicachromis pulcher namiji da mace (10 + 8) da Poropanchax normani 12 (12 × 4): jimilla 66.

(13) Trichopodus leerii namiji ɗaya da mata biyu (3 × 11) da Trigonostigma heteromorpha 10 (10 × 4,5): jimilla 78.

(14) *Haɗi na (12) da ƙarin tetira na Kwango 6 (6 × 8): jimilla 114.

(15) *Jan kifi 2, eskalar 2, neyon 4, barbus na Sumatara 2, pleko 1.

Na (12) haɗin Afirka ta Yamma ne: ma'auratan suna ƙasa, garken yana sama, kuma ana ba ma'auratan ƴar tukunya ko ƙoƙon kwakwa a kusurwa guda domin yankinsu ya sami iyaka. Na (13) haɗin kudu maso gabashin Asiya ne; gurami yana da gaɓar shaƙar iskar sarari, abin da ke taimakonsa idan oksijan ya ragu. Na (14) ya tsallake ƙa'idar littafi, amma ya wuce iyakar bazara, kuma tetira na Kwango masu gudu ne da ke son akwati mafi tsawo. Na (15), wanda shi ne irin abin da mutum kan zaɓa da ido, ya karya kusan dukan sharuɗɗan: jan kifi yana son sanyi kuma yana wuce santimetir 20, eskalar zai ci neyon, barbus za su cinye fikafikan eskalar, garke biyun ba su cika ba, pleko kuma zai fi ƙarfin akwatin.

5.3. Hukuncin ruwa

Lissafi mafari ne kawai, gwajin ruwa shi ke yanke hukunci. Zubi ya yi daidai idan amoniyak da nitirit suna kan sifili, nitirat bai wuce miligiram 40 a litir ba kafin ranar canjin ruwa, kuma babu kifin da ke hakin numfashi a sama da asuba. Idan ruwa ya yi fari-fari ko ya fara wari, a tuna cewa ruwa ba ya tsami banza: ko kifi ya yi yawa, ko abinci ya yi yawa, ko an wanke soson mataci da ruwan famfo mai kulor an kashe ƙwayoyinsa. Da ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake wanke shi.

6. Tsarin zubi

Ana cika akwati, a kunna mataci, a riƙa jefa ɗan abincin kifi domin ciyar da ƙwayoyin, har sai gwaji ya nuna nitirit ya hau ya sauka. Soso daga tsohon akwati mai lafiya yana gajarta jiran. Ruwan famfo sai an cire masa kulor, ko ta barin sa ya kwana a buɗe, ko da maganin da aka yi domin haka. Sannan a zuba garke ɗaya, a jira mako biyu, a auna, a ƙara na gaba. Masu sanyin hali su fara shiga, masu kare yanki su zo ƙarshe. Sabon kifi ya kamata ya yi mako biyu zuwa huɗu a keɓe, domin cutar fararen ɗigo (Ichthyophthirius multifiliis) da kifi ɗaya take shiga ta game akwati. Lokacin zubi mafi dacewa shi ne bayan damina, domin akwatin ya kafu kafin zafi ya zo. A bazara a nisanta shi da taga, a rage abinci, a juya fanka kan fuskar ruwa. Ƙafewa tana rage digiri biyu ko uku, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Lokacin ɗari kuma a duba ma'aunin zafi da asuba, domin ruwan ƙaramin akwati yana saurin yin sanyi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa jituwa tana da sharuɗɗa biyar, cewa yawan zubi ya dogara ga nauyin kifi, da faɗin fuskar ruwa, da zafi, da ƙarfin mataci, kuma a yanayinmu ya kamata a rage adadin da littattafan Turai ke bayarwa. Mun ga kuma cewa sunan Hausa ko na Faransancin gida bai isa ya gaya wa mutum girman da kifi zai kai ba.

Saura magana ɗaya game da kifin da ya fi ƙarfin akwati. Kada a sake shi a kogi ko tabki idan baƙo ne. Giwan ruwa da aka shigar tabkin Biktoriya cikin shekarun 1950 ta yi yawa a shekarun 1980, kuma jinsunan ƙananan sikilid da aka ƙiyasta sun kai 200 suka ɓace ko suka kusa ɓacewa. Haka ma tsirrai: jacinthe d'eau, wadda ta addabi masuntan kogin Isa tun ƙarshen shekarun 1980, daga Amurka ta Kudu take kuma a matsayin furen ado ta bazu a duniya.

Aikin da ya rage ga ɗalibanmu shi ne tattara sunayen ƙananan kifaye daga bakin masuntan Gaya, da Madarunfa, da Tabalak, kowane suna tare da hoto, da awon tsawo, da wurin da aka kama shi, domin a haɗa su da sunayen kimiyya. Manyan kifaye na kasuwa an san sunayensu. Ƙananan, waɗanda su ne suka fi dacewa da akwatin haɗaka, su ne ke bukatar wannan aiki.